Kwana Goma Sha Tara A Kan Sifirin Ɗaya

Na Sani ake ce masa a layin masu walda, kuma shi da bakinsa yakan ce ya cancanci sunan. Kafin ka gama faɗa masa abin da ke damun injinka, ya riga ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Wani lokacin kuwa ya sani ɗin. In yana cikin raha yakan ce cikin goma yana dacewa da shida, sauran huɗun kuma injin ne bai fahimce shi ba.

Da walda ya fara tun yana saurayi, gadaje da ƙofofi da tagogi. Aikin da ya fara fito da shi a gari shi ne na ɗakin ajiyar wani mai shago da ɓarayi suka addaba. Ya shiga ɗakin da injinsa, ya jera ƙarafa a taga, ya like ƙofar baya, sannan ya juyo kan ta gaba ya ƙara mata sakata biyu. Don ya ga ko sun zauna daidai sai ya rufe ƙofar ya ci gaba da aiki, wuta ta kama sakatar da jikin ƙofa ta haɗe su. Yana ciki. Awa uku abokan sana'a suna yanka kafin su fito da shi, mai shagon na tsaye yana riƙe ciki. Har yau in an tuna masa sai ya ce, "To, ku faɗi gaskiya, ɓarawo zai iya shiga? Ni da na yi aikin ma ban iya fita ba."

Matarsa ma ta hanyar walda ya same ta. Tela ce, ta kawo ƙafar teburin keken ɗinkinta da ta karye. Ya tsaya kallonta fiye da kallon ƙarfen, ƙafar ta fito a ɗan karkace. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aurensu, 'ya'ya huɗu duk sun girma sun kama gabansu, kuma har yanzu akwai kwali a ninke a ƙarƙashin wannan ƙafar.

Da ya haura hamsin sai idanu suka fara yi masa gardama. Hasken walda na shekaru ya ci rabonsa. Ya ajiye aikin ƙofofi ya koma gyaran injinan walda, a wani ɗan shago a ƙarshen layi mai tebur ɗaya da benci ɗaya da fanka mai juyawa in ta ga dama. Babbar 'yarsa ta kai shi aka auna masa tabarau. Ya saka sau ɗaya, ya kalli madubi, ya ga wani dattijo yana kallonsa, ya cire ya jefa a aljihun tebur.

Abin da ya sa labarin nan ya fi yi masa ciwo, kuma ya fi ba mutane dariya, shi ne duk layin babu wanda ya kai shi wa'azin sifirin. A saman kantarsa akwai gwangwanayen madara bakwai cike da su, manya da ƙanana, irin waɗanda in ka danna su sai su turo hannunka su dawo yadda suke. Duk tsohon kayan da aka jefar sai ya zare sifirin ɗinsa kafin ya bar shi ya tafi bola. In mai walda ya zo yana kukan mariƙin sandar walda na zafi a hannu, sai ya ce, "Sifirin ya gaji, ba ya cizon sandar." In maƙalin da ake cafke ƙarfe da shi ya saki, wuta na tsalle, nan ma sifirin. Yakan ɗaga ɗaya a tsakanin yatsu biyu ya ce wa mutane, "Kun raina shi don ƙarami ne, amma in ya kwanta, injin gaba ɗaya ya kwanta."

Ran wata Litinin da hantsi sai ga Tartsatsi ya turo inji a baro. Tartsatsi abokinsa ne tun suna samari, kuma an sa masa sunan ne don in yana magana da zafi, na kusa da shi sai ya kare fuska. Shekara ɗaya da rabi kafin nan ya sayi sabon inji irin wanda ba a sa masa sanda. Waya yake ci, siririya, a naɗe kamar zaren keke, wasu 'yan tayoyi biyu na ƙarfe su matse ta su tura ta cikin tiyo har bakin wuta. Tun da ya saye shi yake tafiya a layin kamar ya auri 'yar gwamna.

"Abokina, duba min wannan," in ji Tartsatsi. "Wayar ce take fita tana tsayawa, tana fita tana—"

"Na sani."

"Ka bari in gama mana! Ina da aikin ƙarfen matakalar bene, mutanen sun ba ni sati biyu."

"Na ce na sani. Ƙaramin injin da ke tura wayar ne ya fara mutuwa. Ka dawo jibi."

Tartsatsi ya ajiye masa ɗan littafin da ya zo tare da injin, ya ari tsohon injin sanda na Na Sani don ya rage aiki, ya tafi. Na Sani ya ɗora kofin shayinsa a kan littafin, ya naɗe hannun riga. Abin da bai faɗa ba shi ne bai taɓa buɗe irin wannan injin ba a rayuwarsa.

Ya ciro ƙaramin injin ya gwada shi, lafiyarsa ƙalau, yana juyawa kamar yana yi masa dariya. Da Tartsatsi ya dawo jibi sai ya ce masa ai matsalar ta wuce nan, fanel ɗin wuta ne. Ya kwance fanel. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare tiyo ya hura masa iska. Kafin sati ya cika, injin da ya zo a baro ɗaya ya koma tarkacen da ba zai shiga baro uku ba. Teburin shago ya cika, benci ya cika, sai ya fara ɗauko wasu sassan zuwa gida a buhu, wai a can ya fi samun natsuwa.

A gida, teburin da ya fi haske shi ne wanda matarsa ke yanka yadi a kai. Ta dawo daga kai ɗinki ta tarar da shi ya baje ƙarafa a gefen atamfar mutane.

"Baban yara, wannan kuma gawar wane ne?"

"Injin Tartsatsi ne. Aiki ne mai zurfi, ba za ki gane ba."

Ta ɗauke atamfar ta ninke, ta zauna a bakin kekenta. Can ta ce, "Me yake yi ne?"

Don ya nuna mata zurfin aikin sai ya yi mata bayani: waya a naɗe, tayoyi na jan ta, tana fita tana tsayawa.

"Au," ta ce, "kamar zaren kekena ke nan. In ya fara haka, ɗan sifirin ɗin nan ne na wurin da ake murɗawa a matse zare. In ya gaji sai zaren ya riƙa suɓucewa. Shi naku babu abin da ke matse wayar?"

Na Sani ya yi wata dariya da har yau in ya tuna ta yake jin kunya. Ya ce, "Maman yara, injin walda ne fa. Wuta ce mai narka ƙarfe. Ba ɗan kamfai ake ɗinkawa da shi ba."

"Allah ya ba da haƙuri," ta ce, ta taka kekenta.

Kwana biyu maganar na cizonsa. A rana ta tara ya je shago da sassafe kafin layin ya cika, ya waiga hagu ya waiga dama kamar mai shirin sata, sannan ya ɗauko sashen da tayoyin suke. A samansa akwai wani ɗan baƙin murfi da ake murɗawa. Tun ranar farko yake ganinsa, ya ɗaga shi ya fi sau ashirin, bai taɓa kwance shi ba. Ya kwance. Wani ɗan sifirin ya faɗo a tafin hannunsa, bai fi gaɓar yatsa ba, ya lotse, zagaye ɗaya ya tsage. Ya danna shi da babban yatsa, ya tafi bai dawo ba.

Ya ɗaga kai ya kalli gwangwanayen nan bakwai, ya ce ji ya yi kamar su ma suna kallonsa.

Da ya koma gida cin abincin rana ya gyara murya ya ce, "Na gano matsalar injin nan. Bayan dogon bincike. Sifirin ne."

Matarsa ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta ce, "Ikon Allah. Wa zai yi tsammani?"

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ya juye gwangwanayen duka a kan tabarma, sifirin ya fi ɗari huɗu, babu ko ɗaya da ya dace. Wannan ya yi faɗi, wancan ya yi laushi, wani kuma ƙarfinsa ya isa ya ɗaga babur. Sai ya kama tsohon da filaya biyu ya ja shi, wai ya farfaɗo. Ya miƙe kam, amma da aka danna shi sau ɗaya ya sake kwanciya. Ya ƙara ja, ya sa a aljihu, ya nufi kantin kayan gyara.

Mai kantin dattijo ne marar yawan magana, bayansa akwai akwatuna ƙanana sun kai rufi, kowanne da lamba. Ya karɓi sifirin ɗin ya juya shi.

"An ja wannan," ya ce.

"Haka ya zo."

Mai kantin ya dube shi ta saman tabarau, bai musa ba. Ya ce, "Ka zo da lambar injin, ko littafinsa?"

"Ba sai da littafi ba. Shekarata nawa a aikin nan?"

"To, abu huɗu nake so. Kaurin wayar da aka naɗa shi da ita, faɗinsa, tsawonsa in ba a danne shi ba, da yawan zagayensa." Ya miƙo masa ma'auni.

Na Sani ya karɓa ya matse sifirin ɗin a bakin ma'aunin. Lambobin suka yi masa kamar tururuwa a cikin hazo. Ya nisanta, ya kusanto, ya karkata wajen ƙofa. Mai kantin ya ce ko ya karanta masa. Na Sani ya ce a'a, yana gani sarai, ya faɗi lambobin da zuciyarsa ta ba shi. Tsawon da ya auna kuwa tsawon da filayarsa ta ba sifirin ɗin ne. Mai kantin ya rubuta, ya ce babu irin wannan a wurinsa, sai an aiko daga kamfani, kwana shida.

Cikin kwana shidan nan Tartsatsi ya zo sau tara. Tsohon injin sanda yana huda masa siraran bututun matakalar, yana like rami yana buɗe wani. Yakan tsaya a ƙofar shago ya kalli tarkacen injinsa ya ce, "Na kawo maka mai tari, ka yi masa fiɗa." Na Sani ya share fuska ya ce a yi haƙuri, kaya na hanya.

Kaya suka iso, guda biyar a 'yar leda, sabbi fil suna ƙyalli. Kowanne ya fi ramin da zai shiga tsawo. Ya danna na farko da ƙarfin tsiya ya murɗa murfin, ya haɗa sashen da batir ya gwada. Tayoyin suka cafke wayar suka latse ta, ta cukurkuɗe ta yi gammo. Na biyu ya yanke shi da filaya, bakin ya fito a karkace, ya ƙi zama, yana jingina gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Na uku yana cikin danna shi sai ya suɓuce. Ya ji ƙyas a jikin kwanon rufi, daga nan shiru.

Akwai saura biyu a leda, amma zuciya ta riga ta hau. Ya durƙusa ya shiga rarrafe a ƙarƙashin tebur. Maƙwabcinsa mai gyaran janareta ya leƙo ya tambayi abin da ya ɓata, shi ma ya durƙusa. Mai fentin ƙofofi ya kawo maganaɗisu ɗaure da igiya yana ja a ƙasa, ya tara ƙusoshin shekara goma. Kafin wani lokaci magidanta biyar ne ke rarrafe a shago ɗaya, kowa ya ɗaga baya sama. A haka matarsa ta same su, ta biyo da kwanon abincinsa tunda ya ƙi dawowa gida.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannunku da aiki."

Kowa ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Na Sani ya zauna a bakin benci yana haki, ya jawo kofin shayinsa da ya huce tun safe ya kurɓa. Wani abu ya bugi haƙorinsa. Ya tofo shi a hannu. Mai fenti ya fita waje da gudu don dariyar ta fi ƙarfin shagon.

Matarsa ba ta yi dariya ba, ko kuma ta ajiye ta sai gida. Ta nemi wurin da za ta ɗora kwano, ta ɗauke ɗan littafin da kofin ya tashi daga kai. Bangonsa duk zoben shayi ne, ɗaya kan ɗaya. Ta buɗe tana dubawa.

"Baban yara, wannan hoton ba abin da ke hannunka ba ne?"

A shafin akwai zanen sashen a warwatse, kowane ƙarfe da kibiya da lamba. Ya karɓa ya nisanta da fuskarsa. Ta jawo aljihun tebur, ta tono tabaran daga ƙarƙashin tsofaffin fis, ta goge da gefen mayafinta ta miƙa masa. Maƙwabta sun watse, daga shi sai ita.

"In na saka wannan," ya ce a hankali, "cewa za a yi na ƙare. Mai gyara da ba ya gani, wa zai kawo masa aiki?"

"Yanzu da ba ka saka ba, me ake cewa?"

Ya shiga juya tabaran a hannunsa. Ta ci gaba.

"Mutumin kantin da ka je wurinsa, ba tabarau ne a fuskarsa ba? Ni ma sai na sa nawa nake zura zare a allura, shekara shida ke nan, ba wanda ya fasa kawo min ɗinki. Saka mana, in ga kyakkyawan mijina."

Ya saka. Ya ce abin da ya fara gani shi ne dattin da ke shagonsa, na biyu kuma furfurar matarsa, wadda bai san ta yi yawa haka ba, kuma ta yi mata kyau. Na uku lambar sifirin ɗin, baƙa ƙirin a kan farar takarda, har da tsawonsa da faɗinsa a rubuce a gefe.

Washegari ya koma kanti da littafin a hannu da tabarau a fuska. Mai kantin ya karanta lambar, ya juya, ko tsani bai taka ba, ya jawo wani akwati da ke daidai kafaɗarsa ya zaro sifirin ɗaya ya ajiye a kan kanta.

"Dama akwai shi?" in ji Na Sani.

"Ya fi shekara a nan. Ai wanda ka auna ne babu, don ba a taɓa ƙera injin da yake shiga ba."

Sa shi bai ɗauki minti biyu ba. Ya zauna a raminsa cif, murfin ya murɗu ba gardama. Mayar da sauran injin yadda yake kuwa sai da ya ci kwana biyu cur, yana bin zanen littafin shafi bayan shafi, yana mamakin yadda masu kamfani suka yarda da shi a wurare da dama.

A rana ta goma sha tara Tartsatsi ya zo, ya riga ya gama matakalar da tsohon inji, a makare, da ƙuna uku a hannu. Rabin layin ya biyo shi kallo. Aka haɗa wuta, ya rufe fuska, ya danna. Wayar ta fito sumul ba tsayawa, ɗinkin walda ya kwanta a kan ƙarfe lafiyayye. Ya ɗage murfin fuskar ya ce, "To, me ya same shi?"

Na Sani ya riga ya shirya dogon bayani tun a hanya, mai fanel a ciki da hawa da saukar wuta. Ya buɗe baki, ya ga mai fenti da mai janareta sun zuba masa ido, ya san ba inda bayanin zai je. Ya zaro mataccen sifirin ɗin daga aljihu ya ɗaga.

"Wannan ne. Kuma ba ni na gano ba, matata ce, tana ɗinka ɗan kamfai."

Aka yi dariya har da masu zama a ƙasa, shi ma yana ciki. Ya ce abin mamaki, daga ranar aiki bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Masu irin wannan sabon injin suka fara zuwa daga wasu unguwanni, an gaya musu akwai wani mai tabarau da ya taɓa kwance shi har ƙusa ta ƙarshe. Ba a gaya musu dalili ba. Yanzu yana ajiye sabbin sifirin a 'yan ledoji, kowacce da lambarta da rubutun matarsa, don nasa rubutun ko da tabarau ba ya karantuwa.

Bayan Tartsatsi ya tura injinsa ya tafi a ranar, Na Sani ya ɗauki tsintsiya zai share tebur, sai ya ga noti uku da wani ɗan zoben ƙarfe guda a gefe. Ya duba littafin daga farko har ƙarshe bai ga inda suka fito ba. Ya leƙa waje, baron ya riga ya sha kwana. Ya zuba su a kwalin ashana ya rubuta sunan abokinsa a kai.

Shekara uku ke nan injin na aiki. In an ɗaga shi za a sa a mota akwai wani abu da ke ɗan yin kacau-kacau a ciki, Tartsatsi ya tambaya sau biyu, Na Sani ya ce masa duk masu kyau haka suke yi.